Allurar Rigakafin Yara: Jadawalinta, Hukuncinta a Musulunci da Amsar Tambayoyin Iyaye

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, wanda Ya saukar da cuta kuma Ya saukar da magani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, maganar allurar rigakafin yara tana daga cikin tambayoyin da ake yawan kawo wa limamai da malaman Islamiyya. Wani uba yana son ya san ko ta halatta. Wata uwa ta kai ɗanta sau ɗaya, ya kwana da zazzaɓi, ta ji tsoron komawa. Wani kuma an turo masa saƙon murya a WhatsApp, hankalinsa ya tashi. Don haka muka tattara wannan bayani wuri guda, domin iyaye su yanke shawara a kan ilimi, ɗalibai kuma su sami abin da za su riƙa komawa gare shi. Mun fi karkata ga tsarin Jamhuriyar Nijar, amma mafi yawan abin da za mu ambata haka yake a Najeriya da Kamaru da Chadi da Ghana.

Mece ce allurar rigakafi?

Allah Ya halicci jikin ɗan Adam da garkuwa, wato wasu ƙwayoyin halitta a cikin jini waɗanda aikinsu yaƙi da ƙwayoyin cuta. Idan wata ƙwayar cuta ta shiga jiki karo na farko, garkuwar tana ɗaukar kwanaki kafin ta gane ta, ta haɗa makamin da ya dace da ita. A cikin waɗannan kwanaki ne cutar ke samun damar kayar da yaro. Idan ya tsira, jikinsa yana riƙe da kamannin wannan ƙwaya, duk ranar da ta dawo sai ya tare ta da wuri. Shi ya sa mutanenmu tun da can suka lura cewa ƙyanda ba ta cika kama mutum sau biyu ba.

Rigakafi hanya ce ta nuna wa jiki kamannin ƙwayar cutar ba tare da yaro ya sha wahalar cutar ba. Ana sa masa ƙwayar da aka kashe, ko wadda aka raunana, ko wani ɗan yanki nata, ko dafinta da aka karya ƙarfinsa. Wasu ana yin su da allura a cinya ko a dantse, wasu kuma ɗigawa ake yi a baki. Jariri yana zuwa duniya da ɗan guzurin kariya daga jinin mahaifiyarsa, nonon uwa kuma yana ƙara masa, amma wannan guzuri yana raguwa cikin watannin farko. Daidai wannan lokaci aka tsara yawancin allurai.

Taƙaitaccen tarihi

Likitan nan Musulmi Abubakar Ar-Razi, wanda ya rasu wajen shekarar 925 Miladiyya, yana daga cikin na farko da suka rubuta bambanci tsakanin agana da ƙyanda. A daular Usmaniyya ta Turkiyya da wasu sassan Afirka da Asiya, mutane sun daɗe suna ɗibar ɗan ruwan ƙurjin mai agana su sa wa mai lafiya a ƙaramar tsaga, don ya yi mai sauƙi ya tsira daga mai tsanani. Daga Istanbul wannan dabara ta shiga Ingila a wajen 1721. A 1796 likita Edward Jenner ya nuna hanyar da ta fi wannan aminci, ta amfani da wata cuta mai sauƙi da ke kama shanu.

Agana ta makantar da mutane masu yawa a ƙasar Hausa, ta bar zanzana a fuskokin waɗanda suka rayu. Dattawanmu har yau suna ɗauke da tabon lamba a dantse. Mutum na ƙarshe da ya kamu da ita ta hanyar yaɗuwa tsakanin jama'a an same shi a Somaliya a 1977, kuma a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa an kawar da ita daga doron ƙasa. A 1974 hukumar ta kafa shirin faɗaɗa rigakafi ga yara, wanda shi ne tushen jadawalin da ake bi a asibitocinmu. Wani bincike da hukumar ta jagoranta, aka fitar a 2024, ya ƙiyasta cewa cikin shekara 50 rigakafi ta zama sanadin tsirar rayuka miliyan 154, mafi yawansu jarirai.

Cututtukan da ake yi wa yara rigakafinsu

Tarin fuka: allurar BCG tana kare ƙananan yara musamman daga nau'insa mai tsanani, wanda ke kama lulluɓin ƙwaƙwalwa ko ya bazu a jiki.

Shan inna: sunan ya samo asali ne daga tsohon camfi cewa wata aljana ce ke shanye ƙafar yaro. Alhali ƙwayar cuta ce da ke fita ta bayan gida, ta shiga bakin wani yaro ta ruwa ko abinci ko hannun da ba a wanke ba. Kusan ɗaya cikin 200 na waɗanda ta kama suna shanyewa har abada, kuma ba ta da maganin warkewa.

Mashaƙo: yana yin wata farar yana a maƙogwaro ta toshe numfashi, dafinsa kuma yana taɓa zuciya. A 2023 ya ɓarke a yankin Matamaye na jihar Damagaram da kuma Kano, kuma yawancin waɗanda ya kama yara ne da ba a yi musu allura ba ko ba su kammala ba.

Tarin shiƙa: tari ne da ke jerowa har yaro ya kasa jan numfashi. Ya fi kisa a jariran da ba su kai wata 6 ba.

Tsinkau-tsinkau: ƙwayarsa tana cikin ƙasa da kashin dabbobi. Tana shiga jariri ta cibiya idan an yanke ta da reza marar tsabta ko an shafa mata toka ko ƙasa. Alamarsa takan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 14 da haihuwa, wato sau da yawa a daidai makon suna: jaririn da ke shan nono lafiya sai ya daina, bakinsa ya ƙulle, jikinsa ya sandare. Allurar da ake yi wa mai ciki a wurin awo ita ke kare shi a waɗannan kwanaki.

Ciwon hanta nau'in B: jaririn da ya ɗauka daga mahaifiyarsa, kusan 9 cikin 10 cutar tana zauna masa, daga baya ta iya lalata hanta ko ta zama ciwon daji yana tsakiyar ƙarfinsa.

Ciwon huhu da gudawa: suna cikin manyan masu kashe yara ƴan ƙasa da shekara 5. Akwai allura ga biyu daga cikin ƙwayoyin da ke kawo ciwon huhu da sanƙarau a jarirai, akwai kuma ɗigon Rota ga ƙwayar da ta fi kawo gudawa mai tsanani.

Ƙyanda, wadda ake kira baƙon dauro ko dussa: tana cikin cututtukan da suka fi saurin yaɗuwa. Idan mai ita ya zauna da mutum 10 da ba su da kariya, har 9 suna iya kamuwa. Tana jawo ciwon huhu da makanta da tamowa, tana kuma raunana garkuwar yaro na tsawon lokaci bayan ya tashi. An ƙiyasta ta kashe mutum 107,500 a duniya a 2023, yawancinsu ƙananan yara.

Shawara: sauro ke yaɗa ta. Allura ɗaya tana ba da kariya tsawon rayuwa.

Sanƙarau: ƙasashenmu suna cikin yankin da yake yawan ɓarkewa a lokacin hunturu da bazara, daga Senegal har Habasha. Annobar 1996 zuwa 1997 ta kama fiye da mutum 250,000 a Afirka, ta kashe kimanin 25,000. A watan Disamba 2010 aka fara babban gangamin allurar MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar, kuma tun daga nan nau'in A, wanda shi ke kawo manyan annoba a da, ya kusan ɓacewa. Amma akwai wasu nau'o'in: a 2015 nau'in C ya kama kimanin mutum 8,500 a Nijar, 573 suka rasu. A 2024 aka fara amfani da sabuwar allura mai haɗa nau'i biyar.

Zazzaɓin cizon sauro: bayan gwaji a Ghana da Kenya da Malawi tun 2019, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da allurar farko a 2021, ta biyu a 2023. Kamaru ta sa ta cikin jadawalinta a Janairu 2024, Nijar ta ƙaddamar da ita a Gaya a Satumba 2024. Sau huɗu ake yin ta. Tana rage masassara mai tsanani da mace-mace, amma ba ta hana cutar gaba ɗaya, don haka gidan sauro da maganin damina da ake rarraba wa yara suna nan a matsayinsu.

Jadawalin allurai

Ranar haihuwa ko kwanakin farko: BCG da ɗigon shan inna. A ƙasashen da suka sa ta cikin tsari, kamar Najeriya, har da allurar ciwon hanta, wadda ta fi amfani cikin awa 24 na farko.

Mako 6: Penta ta farko, wadda ta haɗa rigakafin cututtuka biyar a allura ɗaya, wato mashaƙo da tarin shiƙa da tsinkau-tsinkau da ciwon hanta da ƙwayar Hib. Tare da ita ana yin ta ciwon huhu, a ɗiga na shan inna da na Rota.

Mako 10: zagaye na biyu na waɗannan.

Mako 14: zagaye na uku, tare da allurar shan inna ta cinya.

Wata 9: ƙyanda ta farko da shawara, a Nijar da Najeriya har da sanƙarau.

Tsakanin wata 15 zuwa 18, gwargwadon ƙasa: ƙyanda ta biyu.

Inda aka fara allurar zazzaɓin cizon sauro, ma'aikatan lafiya za su rubuta ranakunta a kati. Hanya mai sauƙi ta tuna Penta ta farko ita ce mako 6 kwana 42 ne, wato kwana biyu bayan arba'in. Mai jego da ta tafi wankan gida ta tafi da katin yaro, a yi masa a asibitin garin iyayenta. Haka ma fatake da makiyaya da ƴan ci-rani masu ƙetare iyaka tsakanin Maraɗi da Katsina, ko Ƙonni da Illela, ko masu zama a zangon Kumasi: kowane ma'aikacin lafiya zai iya duba katin ya ɗora daga inda aka tsaya. Idan an tsallake wata rana, ba a sake farawa daga farko, ci gaba ake yi.

Hukuncin rigakafi a shari'a

Asalin neman magani halal ne. Ya tabbata a hadisin Usama ɗan Sharik, wanda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, cewa Manzon Allah (SAW) ya umurci bayin Allah da su nemi magani, ya kuma bayyana cewa kowace cuta tana da magani in ban da tsufa.

Game da shan magani kafin cuta ta zo, malamai sun kafa hujja da hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim a kan cin dabinon ajwa guda bakwai da safe don kariya daga guba da sihiri a wannan yini. Wannan neman tsari ne tun kafin abin ya auku. Da shi Shaihu Abdul'aziz ɗan Baz ya kafa hujja a fatawarsa ta halaccin rigakafi idan ana tsoron annoba.

Haka nan Annabi (SAW) ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya hana waɗanda ke ciki fita, ya kuma hana a haɗa raƙuma marasa lafiya da masu lafiya. Lokacin da Sayyidina Umar (RA) ya nufi Sham ya sami labarin annoba a hanya, ya yi shawara da Muhajirai da Ansar, sannan ya juya da jama'a. Da Abu Ubaida (RA) ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya bayyana masa cewa komawar ma tana cikin ƙaddarar Allah, ya buga masa misali da makiyayin da ya sami gefen kwari mai ciyawa da gefe marar ciyawa: duk wanda ya zaɓa, da ƙaddarar Allah ya zaɓa. Daga baya Abdurrahman ɗan Aufu (RA) ya zo da hadisin da ya tabbatar da matakin Umar.

Malaman usulu sun ce shari'a ta zo ne don kiyaye abubuwa biyar: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Cututtukan da muka lissafa suna taɓa huɗu daga ciki kai tsaye. Suna kashe rai, sanƙarau da ƙyanda suna barin yaro da kurumta ko taɓin ƙwaƙwalwa, suna yanke zuriya, jinya kuma tana cinye abin hannun magidanci. A kan haka ne Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, wadda ke ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, ta fitar da bayani a 2013 cewa yi wa yara rigakafin shan inna nauyi ne a kan iyaye. Malaman Azhar ma suna kan wannan matsayi. Saudiyya kuma tana sharɗanta wa kowane maniyyaci allurar sanƙarau, tana neman shaidar ta shawara da ta shan inna daga ƙasashen da abin ya shafa. Alhazanmu duk sun san wannan.

Tambayoyin da iyaye ke yi

Shin rigakafi ba ta saɓa wa tawakkali ba? Tawakkali aikin zuciya ne, riƙo da sababi aikin gaɓoɓi ne, kuma mumini yana haɗa su. Annabi (SAW), shugaban masu dogaro ga Allah, ya sa sulke biyu ranar Uhudu, ya ɗauki ɗan jagora ranar Hijira, ya kuma umurci mai raƙumi da ya ɗaure ta sannan ya dogara. Annabi Yusuf (AS) ya tanadi hatsin shekaru bakwai kafin yunwa ta zo. Abin da aka hana shi ne mutum ya ƙudurta cewa allura ce ke karewa da kanta. Allah ne mai karewa, allura sababi ce.

Shin tana hana haihuwa? Wannan zargi ne ya sa a 2003 aka dakatar da ɗigon shan inna a wasu jihohin arewacin Najeriya. An kafa kwamitoci, an gwada maganin a ciki da wajen ƙasar, kuma a Yuli 2004 Kano ta ci gaba da rigakafin da maganin da aka yi a Indonesiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi a lokacin. Sai dai cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20 da suka rabu da ita, har da Sudan da Yaman da Indonesiya, yaran Musulmi da yawa suka shanye. Hujja mafi kusa kuma tana cikin gidajenmu: ƴan matan da aka ɗiga wa maganin shekara 20 ko 30 da suka wuce su ne iyayen yaran yau, kuma Nijar tana nan cikin ƙasashen da suka fi yawan haihuwa a duniya.

To daga ina rashin yardar ya fito? Ba za mu ce ba shi da tushe ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a kan yara kimanin 200, wasu aka ba su shi, wasu aka ba su wani maganin don kwatantawa. Yara 11 suka rasu, aka yi doguwar shari'a a kan rashin neman cikakken izinin iyaye, a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. A 2011 kuma hukumar leƙen asirin Amurka ta fake da shirin rigakafi na bogi a Pakistan wajen neman Usama bin Laden. Waɗannan abubuwa sun faru, kuma abin Allah wadai ne. Sai dai Trovan maganin jinya ne da ake gwadawa, allurar jadawali kuwa an daɗe da kammala gwajinta, ana yin irinta ga yaran Makka da Madina da Alƙahira da Jakarta. Adalci shi ne a tuhumi mai laifi, kada a hukunta jariri da laifin wani.

Me ya sa ake ba da ita kyauta, alhali sauran magunguna sai an saya? Ba kyauta take ba, biya ake yi. Gwamnatocinmu suna sa nasu kaso, ƙawancen Gavi da aka kafa a 2000 yana cika saura, UNICEF ke sayowa da yawa a farashi mai rahusa. Mafi yawanta ana yin ta ne a Indiya, wasu a Indonesiya, ta shawara kuma har a Dakar ake yi. Ƙasashe masu arziki suna taimakawa saboda cuta mai yaɗuwa ba ta neman biza, kuma rigakafi ta fi jinya araha. Kukan da jama'a ke yi cewa a kawo ruwan sha da maganin masassara kamar yadda ake kawo ɗigo har gida, kuka ne na gaskiya, mu ma muna yin sa. Amma ƙin ɗigon ba ya kawo rijiya.

Akwai haram a cikinta? A wajen haɗa wasu magungunan ana amfani da wani sinadari da ake samu daga alade, a wanke shi kafin a kammala, wasu kuma suna ɗauke da gelatin. Taron Ƙungiyar Musulunci ta Ilimin Likitanci a Kuwait a 1995 ya tafi a kan cewa abin da ya rikiɗe ya bar asalinsa ya zama wani abu daban, hukuncinsa ya canza, kamar giyar da ta koma ruwan tsami da kanta. Majalisar Fatawa ta Turai a 2003 ta halatta ɗigon shan inna bisa ƙanƙantar abin da ake zargi da girman cutar da ake tunkuɗewa.

Me ya sa ake ta maimaita ɗigon shan inna? A wuraren da gudawa ta yi yawa, ɗigo ɗaya ko biyu ba sa isa su kama a hanjin yaro, maimaitawa kuma ba ta cutarwa. A 1988 cutar tana shanye yara kimanin 350,000 a shekara a ƙasashe 125. An cire Nijar daga jerin ƙasashen da cutar ta zauna a 2006, an ga na ƙarshe a Najeriya a Borno a 2016, a ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar. Abin da ya rage shi ne, raunanniyar ƙwayar da ke cikin ɗigon tana iya daɗewa tana yawo a unguwar da yara da yawa ba su karɓa ba, har ta sake yin ƙarfi ta shanye wanda ba shi da kariya. Inda yawancin yara suka karɓa, ba ta samun wurin yawo.

Abin da ke biyo bayan allura

Zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu, kumburi ko ja a wurin allura, da rigima, duk an saba ganinsu, musamman bayan Penta. A ci gaba da ba da nono, a rage wa yaro kaya, a ba shi farasitamol na yara gwargwadon yadda ma'aikacin lafiya ya faɗa. Kada a gasa wurin, kada a matse shi, kada a shafa masa komai. Wurin BCG yakan yi ɗan ƙurji bayan ƴan makonni, ya fashe, ya warke ya bar tabo. Bayan ta ƙyanda, wasu yara sukan yi zazzaɓi da ƴan ƙuraje bayan kamar mako guda.

Mummunan rikicewar jiki nan take yana faruwa, amma kusan sau ɗaya cikin miliyan, kuma yana da magani idan ana kusa da ma'aikata. Shi ya sa ake so a zauna kamar minti 15 zuwa 30 kafin a tafi gida. A koma asibiti da gaggawa idan yaro ya yi jijjiga, ko numfashinsa ya sarƙe, ko fuskarsa ta kumbura, ko ya ƙi nono, ko zazzaɓin ya wuce kwana biyu. A damina kada a ɗora kowane zazzaɓi a kan allura, a yi gwajin masassara.

Mura da ɗan tari da gudawa marar tsanani da fitar haƙori ba sa hana rigakafi. Yaro mai tamowa da bakwaini sun fi kowa bukatarta. Ana jinkirtawa idan yaro yana cikin ciwo mai tsanani, ana kuma canza tsari idan ya taɓa rikicewa sosai da wata allura ko garkuwar jikinsa tana da rauni. A gaya wa ma'aikaci duk wannan kafin ya yi.

Iyaye suna da haƙƙin su tambayi sunan allurar, su ga an buɗe sabon sirinji a gabansu, su ga an ɗauko maganin daga sanyi, a kuma rubuta ranar dawowa. Kwalbar BCG da ta ƙyanda idan aka haɗa su ba sa wuce awa 6, shi ya sa asibitoci da yawa ke ware musu rana. Kada a sayi allurar rigakafi a kasuwa ko hannun masu talla. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan jabun allurar sanƙarau da aka samu a Nijar.

Nauyin da ke kanmu

Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa kowannenmu makiyayi ne kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo, namiji a kan iyalinsa, mace a gidan mijinta da ƴaƴansa. Jariri ba ya iya zaɓa wa kansa. A gidaje da yawa uwa tana so, amma tana jiran izinin maigida ko kuɗin mota. Muna kira ga magidanta su ba da izini tun ranar suna, su san inda katin yake, wanda ya sami hali ya raka iyalinsa. Kakanni kuma maganarsu tana da nauyi a gida, su yi amfani da ita wajen ƙarfafa ƴaƴansu.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabci. Ƙyanda ba ta daina yawo a gari sai kimanin 95 cikin 100 na yara sun sami allura biyu. Yaron da aka bari yana iya kai ta ga jaririn maƙwabta ɗan wata 5 wanda lokacin allurarsa bai yi ba. Shari'a ta hana mutum ya cutar da kansa, ta hana ya cutar da wani.

Limamai su riƙa sanar da ranakun rigakafi bayan salla, su tunatar a wurin raɗin suna. Malaman allo da na Islamiyya su tambayi iyaye kati idan an kawo sabon ɗalibi, don makaranta wuri ne da ƙyanda da mashaƙo da sanƙarau ke saurin bazuwa. Ɗalibai kuma su kiyayi tura saƙon da ba su san tushensa ba, domin Alƙur'ani ya umurce mu da bincika labari kafin aiki da shi. Ma'aikatan lafiya su ma su ji tsoron Allah, su tarbi mata da fuska, su amsa tambaya da haƙuri. Tsawa ɗaya tana iya sa uwa ta ƙi dawowa.

Wanda har yanzu yake da shakka, ya je wurin likita amintacce da malami masani ya baje tambayoyinsa, kada ya zauna da shakkar har lokacin allurar ya wuce.

Allah Ya raya mana zuriya a kan Musulunci, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya kare ƙasashenmu daga annoba. Allah ne mafi sani.